Reliant Robin a kan babbar hanya: daga ina ƙarar take shigowa, kuma wacce ce ke gyaruwa

Wanda ya saba shiga A Daidaita Sahu a Kano, ko Keke Napep a wasu garuruwan, zai ɗauka ya san abin hawa mai ƙafa uku. Reliant Robin ta Ingila wata aba ce daban. Taya ɗaya a gaba, biyu a baya, kamar dai keken, amma ita mota ce rufaffiya, mai sitiyari da ƙofofi da gilasai da kujeru huɗu da inji mai silinda huɗu. Doka ta yarda ta hau manyan hanyoyin Birtaniya inda iyakar gudu mil 70 ne a awa, kusan kilomita 112 ke nan, kuma samfurin mai injin 848cc yana kai wannan gudun ba tare da gardama ba. Abin da ya kamata mai niyyar saye ya tambaya shi ne ko kunnensa zai jure.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne, Robin mai lafiya mota ce mai daɗin zama har zuwa mil 50 ko 55. A nan direba da na gefensa suna hira da ɗan ɗaga murya, rediyo ma ana jinsa. Da an wuce mil 60 inji ne ke da fada a cikin motar, kuma a mil 70 hira ta koma kwakwazo. Wani kaso na wannan ƙara halittar motar ce, babu bakaniken da zai raba ta da shi. Amma kaso mai yawa na abin da ake ji a Robin ɗin da ke kasuwa yau lalacewa ce da tsufa, kuma ana gyara shi da kuɗi kaɗan. Masu irin wannan mota da dama suna cuɗa biyun, sai ko dai su haƙura da ƙarar da ke shaida musu cewa wani abu na shirin karyewa, ko kuma su kashe kuɗi suna lafta wa motar kayan toshe sauti a inda ba zai yi amfani ba.

Tushen matsalar doka ce. Kamfanin Reliant na garin Tamworth, wanda aka kafa a 1935, ya rayu ne a kan wata ƙofa da dokar Birtaniya ta bari a buɗe: abin hawa mai taya uku wanda bai wuce wani ƙayyadadden nauyi ba ana lissafa shi cikin dangin babur, harajinsa kaɗan ne, kuma a wancan zamanin mai lasisin babur yana iya tuƙa shi. Shi ya sa ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi suka rungume ta, musamman da yake Robin ta fito a ƙarshen 1973, daidai lokacin da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo. Don motar ta zauna ƙasa da wannan ƙayyadadden nauyi sai aka yi jikinta da faiba, wato roba mai zaren gilashi, aka yi injin da alminiyum, aka rage duk abin da za a iya ragewa. Ita kuwa ƙara, nauyi ne maganinta. Ƙa'idar da masana sauti suka sani ita ce, duk lokacin da ka ninka nauyin bango sau biyu, ƙarar da ke ratsa shi tana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Motar da aka ƙera don gudun nauyi, to an ƙera ta ne ba tare da babban makamin yaƙi da ƙara ba.

Sai wurin da injin yake zaune. Tayar gaba ta cinye tsakiyar hancin motar, don haka dole aka tura injin baya, ya shigo cikin ɗakin fasinja. Wannan tudun da ke tsakanin ƙafar direba da ta na gefensa, injin ne da giya a ƙarƙashinsa, kuma abin da ya raba gwiwarka da su bai wuce siririn faiba da kafet ba. A keken Bajaj ko TVS injin yana baya ƙarƙashin kujera, gefuna a buɗe suke, ƙarar tana fita ta bi iska. A Robin an rufe ka tare da ita a akwati ɗaya.

Lissafin juyin injin yana bayyana sauran. Giyar motar huɗu ce, kuma a giya ta huɗu farfela, wato sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, tana juyawa daidai da injin, babu giya ta biyar da za ta sassauta masa. Robin 850, wato mai injin 848cc, tana da aksul na baya mai rabon 3.23, wato farfela za ta juya sau 3.23 kafin taya ta juya sau ɗaya. Tayar inci 10 mai lamba 145 tana cin kusan mita ɗaya da rabi a kowane juyi. In ka haɗa waɗannan, a mil 50 injin yana juyi kusan 2,900 a minti, a mil 55 kusan 3,200, a mil 60 kusan 3,500, a mil 70 kuwa ya haura 4,000. Ƙananan motocin yanzu masu giya biyar ko shida suna yin wannan gudun da juyi ƙasa da haka sosai, kuma da bango mai kauri tsakaninsu da direba. Inji mai silinda huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi, saboda haka a juyi 4,000 yana bugu sau 133 a daƙiƙa. Wannan sauti ne mai kauri, irin wanda ake ji a ƙirji da ƙashin kai kafin a ji shi a kunne, kuma shi ne wanda kafet da soso ba sa iya tarewa. Shi ne kuma yake sa faffaɗan faiba, irin na rufi da ƙofa da daɓe, ya riƙa kaɗawa kamar fatar ganga.

Tazarar mil 55 da mil 70 ba ƙarama ba ce kamar yadda lambobin suke nunawa. Ƙarfin da inji ke buƙata don keta iska yana ninkuwa kusan sau biyu tsakanin waɗannan gudu biyu, don haka injin mai ƙarfin doki 40 ba juyi kawai yake ƙarawa ba, totur ma a buɗe yake sosai, kafireta tana zuƙar iska da ƙugi, salansa tana amsawa. Ƙarar iska kuma tana hawa da sauri fiye da kowace irin ƙara: bisa ƙa'idar da aka saba aiki da ita, tsakanin 55 da 70 tana ƙaruwa da kusan desibel 6, alhali ta taya tana ƙaruwa da kusan 3. Wannan ne ya sa motar take canza hali a ɗan tsakanin nan. Manyan motocin kaya a Birtaniya an ɗaure su a mil 56, saboda haka wurin Robin na gaskiya a babbar hanya shi ne layin hagu, a bayan tirela da tazara mai kyau. Can ma akwai nata: in tirela ta zo wucewa, ƙarar tayoyinta tana shigowa ta ƙofar faiba kamar babu ƙofar, kuma iskarta tana ture motar, sai an riƙe sitiyari da kyau.

Tayar gaba ɗaya tilo tana da nata rabon. Motoci masu taya huɗu sun goge layi biyu a kan kwalta, ita kuwa tayar gaban Robin tana bin tsakiya, inda kwaltar ta fi kaushi kuma tsakuwa take taruwa. Tsakuwar da ta ɗebo tana watsa ta kai tsaye ƙarƙashin motar. Ramin da mai taya huɗu zai ratsa ya bar shi tsakanin ƙafafunsa, mai Robin sai ya zaɓi tayar da za ta faɗa. A hanyoyin da aka yi da kankare, irin wani sashe na babbar hanyar M25 da ta kewaye Landan, a yankin Surrey, kowace gaɓa tana bugun tayar gaba sannan ta bugi na baya, kuma da yake tayoyin ƙanana ne, bugun yana da kaifi.

Duk wannan halitta ce. Yanzu ga abin da ba halitta ba, da yadda ake gano shi. Ba a buƙatar na'ura mai tsada, hanya miƙaƙƙiya marar cunkoso kawai ake so. Ka kai motar mil 55, ka saurara, sannan ka take kuloci ka saki totur na 'yan daƙiƙu. Duk ƙarar da ta faɗi nan take ta inji ce ko ta salansa. Wadda ta rage ta taya ce, ko iska, ko boris, ko aksul. Daga nan sai a rarrabe. Kukan aksul siriri ne, yana fitowa daga baya, kuma yana canza murya in ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa. Ka fara da duba mansa, don sau da yawa ya zube ne ta sil ba wanda ya lura. Gurnanin boris na taya ba ruwansa da totur, yana bin gudu ne, kuma na baya yana ƙaruwa ko ya ragu in hanya ta ɗan karkata nauyi ya koma gefe ɗaya. Rawar da ake ji a kujera da daɓe, wadda ke ƙaruwa da gudu, yawanci kuros ɗin farfela ne ya ci, kuma alamarsa ta biyu ita ce ƙwas ɗin da ake ji in an saki kuloci. Rawar da ke zuwa ta sitiyari a wani gudu na musamman kuwa, ko dai tayar gaba na son balansin, ko kimfin, wato ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa in an karya sitiyari, ya yi wasa. Kimfin ɗin Robin yana son giris a kai a kai, kuma da yake taya ɗaya ce ke ɗauke da duk gaban motar, wannan ba abin da za a ɗaga zuwa wata mai zuwa ba ne. Ka ɗaga gaban, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In ta motsa, an gama magana.

A ɓangaren inji, abu na farko tafet ne. Injin Reliant irin na da ne mai sandunan tura bawul, kuma ana saita tazarar bawul ɗin, wato tafet, da hannu. Littafin motar ya ba da 0.006 na inci, kusan 0.15 na milimita, in injin ya huce sarai. Aikin rabin awa ne da sifana da sukundireba da siririn ƙarfen awo. Tafet mai faɗi yana ƙas-ƙas mai bin juyin inji. Amma a nan akwai tarko: wasu suna matse shi fiye da ƙima don injin ya yi shiru, sai bawul ya kasa rufewa sosai in ya yi zafi, ya ƙone. Injin da tafet ɗinsa ba ya ko motsin sauti ya fi ba mu tsoro a kan wanda ke ɗan ƙas-ƙas.

Na biyu, hucin manifol. In gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da manifol na hayaƙi ya ƙone, ko mahaɗin bututun salansa ya saki, za ka ji tsit-tsit mai kaifi, wanda ya fi fitowa da safe kafin ƙarfe ya buɗe, kuma za ka ga baƙin toka a bakin wurin. A wannan motar ba ƙara kawai ba ce, domin wurin yana dab da ƙafar mutum, kuma hayaƙin mota yana ɗauke da iskar da ke kisa ba tare da wari ba. Duk mai Robin ya ajiye ƙaramar na'urar gargaɗin wannan iska a cikin mota, irin wadda ake sa wa a gidajen Birtaniya. Wanda yake sauka daga tafiya da ciwon kai da jiri kada ya ɗora laifin a kan ƙara kawai.

Na uku, robobin da injin da giya suke zaune a kai. Baƙin mai da ke ɗiga yana jiƙa su, su yi laushi su zauna, ko kuma tsufa ya busar da su su zama kamar katako. Ko wanne ya faru, rawar injin tana shiga shasi kai tsaye, daga shasi ta shiga bodi. Haka robobin da ke rataye da salansa: in ɗaya ya tsinke bututu ya taɓa shasi, motar gaba ɗaya za ta ɗauki ruri a wani juyi na musamman. Ka shiga ƙasa injin na sanyi, ka girgiza salansa da hannu, ka tabbata akwai tazarar da yatsa zai shiga tsakaninta da kowane ƙarfe. Sauya waɗannan robobi na daga cikin gyaran da ya fi kowanne biyan kuɗinsa. Ka kuma duba kusoshin da suka ɗaure bodi da shasi. Robin ta farko, ta 1973 zuwa 1981, shasinta ba a yi masa rufin hana tsatsa irin na Rialto da ta gaje ta ba, don haka in wurin ɗaurin ya ruɓe, bodi yana ta ƙiƙi-ƙaƙa a kan kowane gargada. Motocin da suka haura shekara 40 doka ta ɗauke musu gwajin shekara-shekara na MOT muddin ba a yi musu babban sauyi ba, wato dai babu wanda zai leƙa ƙarƙashin motar in ba kai ba.

Akwai wani abu da ake raina shi alhali shi ne kan gaba a sakamako, wato ramuka. Sauti yana bin duk inda iska za ta bi. Bangon da kashi 1 cikin 100 na faɗinsa rami ne, komai kaurinsa ba zai rage ƙara fiye da desibel 20 ba. Tudun injin Robin cike yake da irin waɗannan kafofi: murafun da ake cirewa daga cikin mota don a kai hannu ga injin, robar da ke gindin sandar giya, wuraren da wayoyi da bututun hita da igiyar sifidomita suke ratsawa. Bayan shekaru da dama a hannun masu ita daban-daban, za ka tarar murfi yana riƙe da kusa biyu maimakon dukkansu, robar bakinsa ta zama gari, robar giya ta yage an rufe ta da kafet. Hanyar gano su mai sauƙi ce. Da dare ka sa fitila mai haske a ɗakin injin, ka ɗaga kafet, ka shiga mota ka duba. Duk inda haske ya ɓullo, nan ƙara da zafi da hayaƙi suke shigowa. Sabuwar roba a bakin murafu, cikakkun kusoshi, sabuwar robar giya, da 'yan robobin toshe kafar waya, duka ba su kai nauyin kilo ɗaya ba, kuma bambancin da suke kawowa ya fi na tulin tabarmar toshe sauti.

Ƙarar iska ma da wannan dabarar ake kama ta, sai dai da tef na masu fenti. Ka liƙe bakin ƙofar gefen fasinja daga waje, ka yi tafiya, ka dawo ka cire wani sashe, ka sake. Inda fito ya dawo, nan ne matsalar. A Robin yawanci kusurwar sama ta ƙofa ce, saboda hinji yana ci ƙofa ta sauka, sannan a gudu iska tana janye saman ƙofar waje. In ka sa takarda a bakin ƙofa ka rufe, ka ja ta fito ba tare da turjiya ba, robar ba ta kama a nan. Ka gyara hinji kafin ka sayi roba, in ba haka ba sabuwar ma ba za ta zauna ba. Kada kuma a sa roba mai kauri fiye da ta asali, domin ƙofar faiba tana lanƙwasa, sai ka toshe ƙasa ka buɗe sama. Robar ƙofar baya tana da muhimmanci na daban: bayan mota wuri ne da iska ke juyawa, kuma in robar ta mutu hayaƙin salansa yana komowa ciki ta nan.

Taya ba ta buƙatar dogon bayani. Irin waɗannan motoci ba sa yawan tafiya, don haka tayar takan tsufa kafin ta sule. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta. Wadda ta kai shekara goma ta yi tauri, tana ƙara kuma ba ta riƙe hanya in an yi ruwa. A sauya, a bi awon iskar da littafin motar ya faɗa, kada a cika ta tam don neman sauƙin mai.

Sai bayan an gama duk wannan ne maganar kayan toshe sauti take da ma'ana, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Kayan iri uku ne, aikinsu daban. Akwai tabarmar roba mai danƙo da fuskar alminiyum, kaurin milimita 2, wadda aikinta hana faiba kaɗawa. Ba a buƙatar shafe ko'ina da ita: rufe kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na tsakiyar kowane faffaɗan wuri ya isa. Ka ƙwanƙwasa da yatsa, inda ya yi amo ka liƙa, inda ya yi dum ka wuce, domin kusurwoyi da wurare masu lanƙwasa da ma suna da ƙarfi. Cikin faiba yana da kaushi da ƙura, sai an goge shi da sifirit ya bushe, a ɗan ɗumama tabarmar in ana sanyi, a danne ta da abin birgima har iska ta fita, in ba haka ba zafin inji zai ɓamɓare ta. Na biyu soso ne mai rufaffun ƙofofi, kaurin milimita 6 zuwa 10, wanda ba ya shan ruwa. Wannan sharaɗin ba wasa ba ne, don tsofaffin Robin suna yoyo, kuma soso ko bargon da ke shan ruwa zai riƙa wari ya ruɓar da duk ƙarfen da ke kusa. Na uku shi ne leda mai nauyi, kusan kilo 5 a kowace murabba'in mita, wadda ake shimfiɗawa a kan soson. Ita ce ainihin mai tare ƙara, kuma tana aiki ne kawai in ba ta da tsaga, gaɓoɓinta sun hau kan juna an liƙe su.

Nawa za a sa, kuma a ina? Murabba'in mita 2 na tabarmar danƙo, kusan kilo 6 zuwa 7, da murabba'in mita 2 na leda mai nauyi, kusan kilo 10, da soso. Jimla kada ta wuce kilo 20. A mota mai nauyin kilo 400 da 'yan kai, wannan kusan kashi 5 cikin 100 ne, kuma injin zai san an ƙara masa kaya a hawan tudu. Inda aka sa nauyin ya fi yawansa muhimmanci. Mota mai taya uku tana tsaye ne a kan alwatika, tsini a gaba, faɗi a baya. Duk nauyin da ke sama, ko a kusurwoyin gaba na hagu da dama inda babu taya a ƙarƙashi, yana ƙara mata saurin ɗaga ƙafa a kwana. Saboda haka leda mai nauyi ta tsaya a kan tudun inji da daɓe da saman aksul na baya. Rufi ya samu soso marar nauyi da 'yan ƙananan faci na danƙo kawai. Ƙofofi ma faci biyu ko uku, don hinjinsu da ma a wahale yake.

Ɓangaren da ke fuskantar inji yana son taka-tsantsan na musamman, kuma muna roƙon duk mai wannan mota ya ɗauki maganar da gaske. Faiba yana cin wuta, kuma in ya kama ba ya jira. A injin Reliant kafireta tana gefe ɗaya da manifol na hayaƙi, a samansa, don haka ɗigon fetur kaɗan ya isa. Tun Satumban 2021 fetur na yau da kullum a Birtaniya ya koma E10, mai sinadarin etanol har kashi 10 cikin 100, wanda ke cin tsohuwar robar fetur. Kafin a sa komai a ɗakin injin a sauya duk robar fetur da mai lamba R9, ko a koma shan E5, mai etanol har kashi 5 kawai. Abin da za a liƙa a can ya zama wanda aka yi don zafi, mai fuskar alminiyum, marar kama wuta, a ɗaure shi da kusoshi da washa, ba gam kawai ba, a bar tazarar santimita 3 ko fiye tsakaninsa da bututun hayaƙi. Kada a toshe hanyar da iska mai zafi take fita. Ɗakin injin a matse yake, kuma injin alminiyum in ya tafasa gasket ɗin kansa ne ke tafiya. Gara mota mai ƙara da mota mai cin wuta, kuma a ajiye abin kashe gobara inda hannu zai kai.

Wanda yake son sanin ko aikinsa ya yi amfani, ya auna kafin da bayan. Manhajar auna sauti ta hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka kyauta ce a wayoyin iPhone. Na gefe ya riƙe wayar daidai kunnen direba, gilasai a rufe, fankar hita a kashe, hanya ɗaya, gudu ɗaya, busasshiyar rana. Raguwar desibel 3 tana nufin ƙarfin sautin ya ragu da rabi, ko da yake kunne yana jin ta kaɗan ne. Sai an rage 10 kunne yake cewa ƙarar ta rabu biyu, kuma kada wanda ya yi tsammanin haka daga tabarma kawai. Ma'aunin lafiya shi ne desibel 85 na tsawon awa 8, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. In babu waya, akwai gwajin da ma'aikatan masana'antu suke yi: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, kana kusa da wannan iyakar. Ga doguwar tafiya, abin toshe kunne mai tacewa irin na masu babur yana rage ƙara ba tare da hana jin jiniya ko hon ba, kuma kunnen da ke shuu bayan an sauka alama ce cewa an wuce gona da iri.

Cikin dangin motar, wadda ta fi sauƙin kunne a babbar hanya ita ce Rialto 2 ta tsakiyar shekarun 1980, mai injin da aka saita don ƙarfin ja da tsimin mai, da aksul mai rabon 2.78. Da wannan aksul, mil 70 yana zuwa a juyi kusan 3,500, daidai abin da Robin 850 take yi a mil 60, mil 55 kuma yana sauka ƙasa da 2,800. Farashin hakan shi ne nauyin jiki wajen tashi da yawan komawa giya ta uku a tudu, musamman da mutum huɗu a ciki. Robin ta farko mai injin 748cc, wadda aka yi kafin 1975, ba ta babbar hanya ba ce, a bar ta a cikin gari da hanyoyin ƙauye. Samfurin ɗaukar kaya marar kujerun baya ya fi kowanne ruri, don bayansa fanko ne babu abin da zai sha sauti. Robin ɗin baya-bayan nan, daga 1989 har zuwa 2001 da kamfanin ya daina ƙera ta, sun fi kyan kafet da kujeru, kuma shekarunsu ba su kai na farkon ba, amma injin da wurin zamansa ba su canza ba.

Ranar gwajin saye, ka nemi a bar injin da sanyi kafin ka iso, domin hucin manifol da ƙarar sarƙar taimin sun fi fitowa a minti na farko. Ka ɗaga kafet ɗin tudun inji ka ga murafun da idonka. Sannan kada ka yarda gwajin ya tsaya a cikin unguwa a mil 30, inda kowace Robin take da ladabi. Ka hau hanyar da za ka riƙe mil 60 na minti goma, rediyo a kashe, ka take kuloci sau ɗaya ka saurari abin da ya rage.